Tutar da Aka Hana Saukewa

Ku yaran da kuke zuwa shagona koyon ɗinki, kusan dukkanku magana ɗaya kuke yi idan kuka ga na shimfiɗa kore da fari a kan tebur: wai wannan ai ba aiki ba ne, ƙyalle uku ne a jona, layi biyu a miƙe, shi ke nan. Kun fi so a ba ku wuyan riga ko aljihun kaftani. To ku saurara. Riga tana da mai ita, wanda zai shiga inuwa da ita in rana ta yi zafi, ya fake in hadari ya taso. Tuta ba ta da inda za ta ɓuya. Rana a kanta take ƙarewa, iska tana bugun ta tun safe har yamma kamar mai wanki ya sami dutse, kuma kowa yana kallonta. In ɗinkin riga ya warware, mai ita da matarsa ne suka sani. In na tuta ya warware, unguwa ce gaba ɗaya take gani, kuma sai an tambayi wanda ya ɗinka.

Aikin farko da na sa hannu a kansa tutar wata makarantar firamare ce, lokacin ina koyo a wurin Malam Barau, Allah ya ji ƙansa. Shi ofisoshi da makarantu na wannan ɓangaren na Kano suka fi kawo wa aikin tuta. Bai bar ni na taɓa almakashi ba. Kasuwar Kwari ya aike ni sayen yadi, ya sa mini farin hankici a aljihu. Ya ce duk koren da aka nuna mini in jiƙa gefensa da yawu in murza a jikin hankicin. In ya bar ko da alama ce in ajiye in wuce gaba, ko mai kanti zai rantse. Na yi ta bin rumfuna 'yan kasuwa suna dariya, wai ga mai lasar yadi ya zo. Da na dawo da wanda ya ci jarrabawa, sai da Malam ya sake jiƙa shi a bokitin ruwan gishiri ya kwana. Kore mai zuba, ruwan farko da ya dake shi zai gangara cikin farin, tuta ta koma kalar ruwan da aka wanke alayyahu. Kuma koren dama da na hagu dole su fito daga bandir ɗaya, don kore biyu da suka yi kama a cikin kanti, rana tana raba su.

Kayan aikinmu ba su da yawa: keken ƙafa mai baƙin kai, babban almakashi da ba a yanka takarda da shi, alli, tef ɗin awo, doguwar rula ta katako, da dutsen guga na gawayi. Keken da kuke rainawa a kusurwar can na Malam Barau ne, kuma har yau ya fi na lantarki riƙe yadi mai kauri. Awo kuwa ba a yi masa kara. Tsawon tuta ninkin faɗinta ne, a raba tsawon gida uku daidai, kore, fari, kore. Kada farin ya fi koren ko da faɗin yatsa, don daga nesa ido yana kamawa. A bi zaren yadi wajen yanka. In aka yanka a karkace, gefe ɗaya zai saki ya yi tumbi bayan an rataye. Sannan tuta ba ta da bai-bai. Mai tahowa daga gabas da mai tahowa daga yamma duk fuska suke so su gani, saboda haka inda kore ya haɗu da fari sai an naɗe bakinsu cikin juna an bi da ɗinki biyu, babu silin zare a waje.

Bakin da iska take kaɗawa, can nesa da sanda, nan tuta take fara mutuwa. Malam yakan kalmashe shi ya sake kalmashewa, ya bi shi layi bayan layi, ya ƙara ɗan ƙyalle a kowace kusurwa. Bakin da yake jikin sanda kuma a yi masa aljihu da yadi mai tauri, a zura igiya, a bar kunnen ɗauri sama da ƙasa. Amma abin da ya fi nanata mini ba ɗinki ba ne. Ba ya miƙa wa mutum tuta sai ya zaunar da shi ya gaya masa yadda ake riƙon ta. A ɗaga da fitowar rana, a sauke kafin magariba. Kada ta taɓa ƙasa, kada a sa wata tuta sama da ita. In ta yi datti a wanke ta ita kaɗai da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ba bugu, ba murɗewa, a shanya a inuwa. In ta fara zare a baki a kawo gyara tun ba ta tsage ba. Na ga ranar da ya hana wani magatakarda tutar da ya riga ya gama, don mutumin ya ce ba shi da lokacin jin wa'azi.

Na buɗe nawa shagon a nan Gyadi-Gyadi a zamanin soja, kuma duk tsawon shekarun nan tutar gida sai ɗai-ɗai na ɗinka. Aikin na ofisoshi ne da makarantu. Hedimastoci su zo a gurguje in bikin 'yancin kai ya matso, ko an ce masu duba makarantu suna tafe. Direbobin bas su zo neman 'yar ƙarama ta gaban gilashi. Wata nas ta asibitin koyarwa ta taɓa sa ni na yi mata ta kan tebur, za ta aika wa ɗanta da yake karatu a waje. Amma talaka ya kafa sanda a ƙofar gidansa, wannan ba a yi. Mutane sun ɗauka tuta kayan hukuma ce kamar jiniya, in ka kafa za a zo a tambaye ka wanda ya ba ka izini.

Sai shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki. Aka yi zaɓe, aka sa ranar miƙa mulki dab da faɗuwar damina, sai gari ya rikice da son tuta. Masu shayi, 'yan acaɓa, masu kanti, kowa yana nema. Na yi murna da farko, na ce mutane sun gane ƙasar tasu ce. Ban daɗe ba na ga irin son da ake yi. Aka cika kan danja da tutocin leda waɗanda inji ya buga wa launi, kore kamar ɗanyen lemo, wata farin ya rinjayi koren, wata ma a kwance aka jera launin. Masu talla suna gudu da su tsakanin motoci, in ta faɗa kwata a ɗauka a karkaɗe a sayar. Wasu suka riƙa zuwa wai in ɗinka musu hoton ɗan siyasarsu a tsakiyar farin. Na ce ba na yi, farin nan ba allon talla ba ne, suka tafi suna zagina.

A cikin wannan hayaniyar wani dattijo ya shigo shagona, ana ce masa Baba Masinja. Daga wani ƙauye na wajen Dawakin Kudu ya zo Kano yana saurayi, ya yi aikin masinja a wani ofishin gwamnati har ya yi ritaya, kuma duk shekarun nan shi ne mai ɗaga tutar ofishin da safe, shi ne mai sauke ta da yamma. Ɗansa ne ya ci kansila a wata mazaɓa ta nan kusa. Sunan ɗan ba zan faɗa ba, yana raye. Honarabul ake kiran sa tun daga ranar, har a cikin gidansu. Baba ya ce tuta yake so ta ƙofar gida, ta gaske, irin ta da. Ya shafa yadin da bayan hannu, ya ɗaga shi ya kalli rana ta cikinsa, ya ja bakin ɗinkin wata da na gama ya ga bai buɗe ba. Da na fara yi masa bayanin riƙo yadda na saba, sai ya yi murmushi ya ƙarasa mini sauran. Ban taɓa samun mai saye irinsa ba.

Tutar babba ce, tsawonta ya wuce tsayin mutum. Na je gidan da kaina, can wajen Darmanawa, na duba inda za a kafa sanda. Tsohon gida ne na ƙasa wanda ɗan ya fara rushe gabansa yana ta da ginin siminti, Baba kuwa yana nan a ɗakinsa na da kusa da zaure. Na kai mai walda ya yi doguwar sanda ta bututun ƙarfe, da zobe a can sama inda igiya za ta bi, da ƙugiya a ƙasa daidai ƙirjin mutum inda za a naɗe igiyar. Muka kafa ta nesa da wayar lantarki da reshen darbejiyar ƙofar gidan. Ranar rantsuwa da sassafe ina wurin. Baba ya fito da tsohon kakinsa a goge, ya ɗaura kunnen sama, ya ɗaura na ƙasa, ya ja igiya hannu bayan hannu ba tare da ya ɗaga kai ba, sai da ta kai ƙololuwa sannan ya ja da baya ya dube ta. Iska ta buɗe ta, maƙwabta suka fito kallo. Na koma shago ina cewa wannan aikin ya faɗa hannun da ya dace.

Abin da ya faru da yamma Baba ne ya ba ni labari. Gidan cike yake da masu cin shinkafar murna. Da rana ta yi ƙasa ya je ya fara kwance igiya, sai 'yan jagaliya, matasan nan da suka yi wa ɗansa yawon kamfe, suka yi caa a kansa. Babbansu, wani mai suna Goje, ya riƙe igiyar ya ce ranar da Honarabul ya hau ba za a sauke tutarsa ba, mugun fata ne. Baba ya ce ba tutar Honarabul ba ce, ta ƙasa ce, kuma haka ake yi mata. Ɗan ya fito ya tsuguna a gaban uban, ya ce a bar ta yau kawai, mutane suna kallo. Baba ya saki igiya ya shiga ɗaki. Washegari kafin ya dawo daga masallaci sun hau da tsanin magina sun zare igiyar baki ɗaya, sun ɗaure tutar a jikin sandar da wayar ɗaurin rodi, sun ƙara wata gora a sama sun maƙala tutar jam'iyyarsu a kanta.

Kun san abin da damina take yi wa yadin da aka ɗaure da waya? Ni na gani, don hanyar da nake bi in kai aiki ke nan. Wayar ta yi tsatsa, tsatsar ta bi ruwa ta zana jan layi a jikin koren har cikin farin. Duk inda wayar ta huda, iska ta riƙa ja har hudar ta zama tsaga. Ta kwana a jiƙe ta nannaɗe sandar, rana ta fito ta busar da ita a murɗe, ƙurar siminti ta ginin ta hau ta daskare. Bakin da na kalmashe ya yi iya ƙoƙarinsa. Da a hannun mai saukewa take, ta yi shekaru. Kafin a yanke gero koren waje ya zama zare-zare kamar jelar doki, farin ya koma kalar toka. A ƙasanta kuwa kullum motoci ne da manyan riguna, ana shiga ana fita, babu mai ɗaga kai.

Masu ɗaga kai su ne masu kawo mini aiki. Wani hedimasta da ya daɗe yana zuwa wurina ya tsaya a ƙofar shago, bai ko zauna ba, ya ce ya wuce ta gidan Honarabul, an ce masa tsumman can aikina ne. Na yi masa bayanin waya da kwanan waje. Ya ce shi dai abin da ya gani ya gani, in tuta mai tsada wata uku take yi, gara ya sayi ta leda. Bayansa wasu suka bi. Sunan da na gada daga Malam Barau, wanda aka gina da layi bayan layi, ga shi can a rataye a kan titi yana ruɓewa kowa yana gani, kuma ba ni da ikon taɓa shi.

Na je wurin Honarabul. Na bi layi tare da masu neman aiki da masu takardar asibiti, da na isa gabansa ya ɗauka taimako na zo nema. Na ce a'a, izini nake so in sauke tutar in gyara abin da zai gyaru, in mayar da igiya, kuma ba na son komai a kai. Ya yi dariya ya ce, "Malam Sabi'u, tuta ai tuta ce. Tana sama, ko ba ta sama?" Ya ce mutanensa ba za su so ba, a bari abubuwa su lafa. Ina fitowa Goje ya tare ni a zaure yana tambayata wace jam'iyya na jefa wa ƙuri'a. Na ce masa ni tela ne, kuma a rumfar zaɓe ni kaɗai na shiga.

Bayan kwanaki Baba Masinja ya zo shago. Ya rame. Ya ce ya daina zama a ƙofar gida, hanyar masallaci ma ya canza, ta baya yake bi don kada ya gan ta. Ya yi wa ɗansa magana har ya gaji, kullum amsar ɗaya ce, to Baba, za a yi. Ya ce da ƙafarsa tana da ƙarfi da tuni ya hau. Sannan ya dube ni ya ce, "Gidan nan ni na gina shi, tutar nan ni na sayo ta. Ka zo ka sauko mini da ita."

Na je da hantsi, lokacin Honarabul ya fita. Magina suka ara mini tsani, na hau da fulaya a aljihu. Baba ya tsaya a ƙasa ya ware wankakken mayafi a hannuwansa don ya tare ta kada ta taɓa ƙasa. Wayar ta ci jikin ƙarfen, sai da na yi ta murɗawa tana karyewa guntu-guntu. Gorar jam'iyya a cikin ɗauri ɗaya take da tutar, dole na fara kwance ta. Na miƙa wa wani magini ya jingine ta a bango, ba wanda ya wulaƙanta ta. Na raba tutar da sandar ke nan na ɗora ta a kafaɗa, sai na ji tsanin yana rawa. Goje ne da mutanensa. Na riƙa saukowa ina roƙon su su bari in kai ƙasa. Ƙafata tana taɓa ƙasa aka ɗauke ni da mari, aka shaƙe wuyan rigata. Wani ya fizgi tutar daga kafaɗata, ta rabe biyu, ta faɗa cikin taɓon da magina suke kwaɓa, suka bi ta kanta da takalma suna ture ni. Baba ya sunkuya a tsakiyarsu yana janyo ta daga ƙarƙashin ƙafafunsu. Ba su taɓa shi ba, amma ba su ɗaga ƙafa ba. Ta saman kansa suke magana, wai Baba ka shiga gida, yaudarar ka aka yi.

Gidan mai unguwa suka ja ni. Ƙarar da suka kai ita ce 'yan adawa ne suka turo ni in sauke tutar Honarabul in kai wa boka a yi masa asiri ya faɗi. Mutane suka taru, aka aika aka kira Honarabul. Mai unguwa ya tambaye ni, na faɗi abin da ya kai ni. Baba yana zaune a gefe da tsumman a cinyarsa, taɓo ya ɓata masa riga. Da aka ba shi dama bai dubi Goje ba, ɗansa ya duba.

"Ni na kira telan nan," in ji shi. "In laifi ne, nawa ne. Na yi aiki a ƙarƙashin farar hula, na yi a ƙarƙashin soja, kowace yamma ina sauke tuta, ban ga shugaban da ya faɗi don na sauke ba. Waɗanda suka faɗi, tana sama aka sanar a rediyo. Kun ce mulki ya dawo hannun jama'a. To ga abin da jama'a suka yi mata."

Ya ɗaga ta, taɓo yana ɗiga. Honarabul ya sunkuyar da kai ya ba ubansa haƙuri, ya ce magana ta wuce. Ni bai ba ni haƙuri ba, Goje ma ba wanda ya ce masa don me. Mai unguwa ya ce kowa ya yi haƙuri, ni kuma don zaman lafiya kada in sake zuwa ƙofar gidan. Haka aka yanke: wanda aka mara shi aka kafa wa sharaɗi.

Wannan ita ce muguwar shekarar da nake ba ku labari. Magana ta zaga cewa telan Gyadi-Gyadi ɗan adawa ne mai kai kayan mutane wurin boka. Duk mai neman wani abu a hannun Honarabul, kuma a lokacin kowa yana nema, ya daina tsayawa a ƙofata. Ɗinkin salla ya zo ya wuce keken yana hutawa. Iyayen masu koyo suka janye 'ya'yansu. Na koma ɗinka rigar kujerun bas, ina karya allura a jikin leda mai tauri, da facin tamfol na masu rumfa, da labule. Ma'aikatan asibitin koyarwa da ɗalibai su suka riƙe ni da ɗinkin fararen kayansu, don yawancinsu baƙi ne, ba ruwansu da wanda ya ci kansila. Marin bai dame ni ba kamar yadda kuke zato. Abin da har yau yake ta da mini rai shi ne waɗanda suka taka tutar nan su ne suka fi kowa ihun ƙasa ta samu 'yanci. Shekaru ana tsoron kafa ta a gida, ranar da tsoro ya kau sai aka rasa mai girmama ta.

Baba ya kawo mini tsumman bayan ya wanke shi da hannunsa, ya tambaya ko akwai abin da za a ceta. Na shimfiɗa a tebur na duba. Yadin ya mutu, in ka ja da yatsa biyu sai ya buɗe. Na ce babu. Tutar da ta ƙare ba a jefa ta a bola, ba a goge mota da ita, ba a yi wa yara ƙwallo da ita. Muka zaga bayan shago, na share wuri, na ɗora ta a kan sabon guntun kwano, muka ƙona ta mu biyu muna tsaye har ta cinye, na haƙa rami na binne tokar. A gidan Honarabul kuwa aka sayo ta leda aka ɗaure, ta yage, aka sayo wata, har wa'adin Honarabul ya ƙare aka daina saye. Sandar tana nan. In kun wuce za ku ga wayar janareto aka ɗaura mata.

Da kaka ta yi Baba ya tattara ya koma ƙauyensu. Ya ce wa mutane hayaniyar birni ce ta ishe shi. Kafin ya tafi ya sa na ɗinka masa wata, 'yar madaidaiciya, wadda tsoho zai iya ja shi kaɗai. Shekara ta zagayo, aiki ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, sai na hau mota na je gaishe shi. Gidan ƙasa ne da dangar kara, a ƙofarsa ya kafa doguwar gora, ya sa mata zoben ƙarfe da igiyar rama. Ya ce da farko mutanen garin dariya suke yi, suna tambaya ko ofis ya buɗe, yanzu kuwa mata da ita suke gane lokacin ɗora tukunyar dare.

Muna zaune a tabarma muna hira har rana ta yi ja. Sai ya katse maganar da yake yi ya miƙe. Ya kwance igiyar ya riƙa sakinta a hankali, ya ce ɗagawa ake yi da hanzari, saukewa kuwa ba a gaggawa. Da ta iso ya tare ta a kan damtsensa, ya kwance kunnuwan, ya miƙo mini baki ɗaya ya riƙe ɗaya. Muka ja da baya har ta miƙe tsakaninmu, muka ninka ta a tsawonta, muka sake ninkawa, sannan ya riƙa tahowa yana naɗewa, kore a kan fari, har hannunsa ya iso nawa. A nan ya tsaya, ya murza kusurwar da babban yatsa, ya kai ta kusa da idonsa.

"Tela, nan ya fara zare. Ka zo da allura?"

Na ce na zo da ita. Ya sa aka matso mini da tabarma inda sauran haske yake, na zauna na ɗora tutar a cinyata na kama kusurwar, shi kuma ya tafi alwala.